Na'ura Mai Kukan Masu Rai

Shekarar da soja suka tattara nasu ya nasu suka koma bariki, ita ce shekarar da Malam Siddiq ya daina jin ɗanɗanon abinci. Yana ci dai. A kawo tuwo ya cinye, a kawo shinkafa ya cinye, da dusa aka tuƙa masa ma haka zai share kwanon ya ce alhamdu lillahi. Katsina kuwa a lokacin ta cika ta batse da murna. Duk bangon da ka duba daga Ƙofar Kwaya har Babbar Kasuwa hotunan 'yan takara ne, waɗanda suka ci da waɗanda suka sha ƙasa, duk suna ta murmushi. Kowa ya zama masanin dimokuraɗiyya, mai shayi ma sai ya yi maka bayanin majalisa kafin ya zuba maka madara. Malam Siddiq yakan ratsa hayaniyar nan a kan tsohon babur ɗinsa, ya je kwalejin kimiyya da fasaha inda yake koyar da injiniyan lantarki, ya dawo gida ya kwanta.

Matarsa Baraka ce ta rasu, a makon da aka miƙa mulki. Cikin fari ne, don haka tun da ya tsufa aka ɗauke ta zuwa gidan iyayenta a Ƙofar Sauri, kamar yadda aka saba. Shi kuwa mutum ne mai tsananin kunyar surukai. In ya je dubiya a zaure yake tsayawa, ta fito lulluɓe da mayafi su gaisa a tsaitsaye, ya bar mata abin da ya riƙo ya kama gabansa. Ranar da abin ya faru yana tsaron jarrabawa aka zo aka ce masa ta sauka lafiya, an samu mace. Ya ce bari ya karɓi takardun yara tukuna. Da ya isa asibitin bayan la'asar, ya tarar an rufe ta da zane. Jini ne ya riƙa zuba ta ciki a hankali, ita kuma ta juya fuska bango ta yi shiru, kowa ya ɗauka barcin gajiya take yi. Nas ɗaya ce a ɗaki cike da masu jego.

Mutane suka yi ta yaba haƙurinsa, ana cewa ga mai tawakkali. Shi ya san ba haka ba ne. Mai haƙuri yana jin zafin yake dannewa, shi kuwa ya laluba ƙirjinsa ya rasa abin da zai danne. Abu ɗaya kawai ya rage masa a kai, yana ta juyawa safe da yamma: da akwai wani ɗan abu a yatsanta da zai yi ƙara lokacin da bugun zuciyarta ya fara ja baya, da an juyo an duba ta, da yanzu tana nan.

A cikin darussan da yake ɗauka akwai na ƙera na'urorin asibiti. Shekara da shekaru a allo ake ƙera su da alli, a goge, yara su haddace su zuba a takarda su manta. Da aka koma sabon zango sai Malam Siddiq ya shiga aji hannu rabbana, ya ce bana ba mai kwafar komai. Ya raba su rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni zai haɗa na'ura da hannunsa, wadda za a kunna ta yi aiki, kuma makin ɗaya shi ne makin duka. Shugaban sashe bai yi gardama ba, don lokacin kowane shugaba so yake a gan shi da sabon abu. Wasu aka ba su ma'aunin zafin jiki, wasu akwatin ɗumama jarirai. Mai sauraron bugun zuciya kuwa ya faɗa hannun mutum uku, Sagir da Lado da Suwaiba.

Malam Siddiq ya tara su ukun a ɗakin gwaji, ya rufe taga, ya kunna tocila ya danna yatsansa a kai.

"Mi kuka gani?"

"Ya yi ja, Malam," in ji Sagir.

"To jinin ne. Duk bugun da zuciya ta yi, jini shina ƙaruwa cikin yatsa, hasken ya ɗan rage. Idonku ba ya ganin ragin. Ku haɗa mani idon da zai gani, ya ƙirga, in bugun ya yi rauni ko ya tsaya, ya yi ihu."

Lado ya sosa ƙeya. "Ihu kamar na mi, Malam?"

"Wanda nas za ta ji daga ƙarshen ɗaki."

Abin da suka fara yi shi ne zaɓe, tunda zamaninsa ne. Sagir ya tsaya takarar shugaban rukuni, Lado ma ya tsaya, kowa ya zaɓi kansa, ƙuri'ar Suwaiba ta faɗa wa Sagir. Har aka gama zangon Lado bai daina cewa an yi masa maguɗi ba. Sagir ɗan cikin birni ne mai zaƙin baki, in ya shiga layin masu gyaran rediyo a Babbar Kasuwa sai ya fito da matattun rediyoyi niƙi-niƙi, masu su suna yi masa godiya. Lado daga ƙauye ya zo, ya taɓa zama yaron mai gyara, hannunsa ya san dalma kamar yadda na mai waina ya san tanda, amma in ka ce ya yi lissafi sai gumi ya keto masa. Lissafin na Suwaiba ne. Ita ta zana yadda za a ƙara wa ɗan siginan nan ƙarfi, ita ta gano cewa hasken taga ne yake rikita su, ta ce a naɗe wurin da baƙin tef.

Sun sha wuya, kuma Malam Siddiq bai rage musu ko ɗaya ba. In sun kawo masa tambaya sai ya mayar musu da wata. Suka ƙona turansista ba adadi. Wata rana hayaƙi ya tashi har masinjan sashe ya rugo da bokiti. Wata rana na'urar ta kama tashar rediyo, suna jiran bugun zuciya sai ga muryar wani sabon ɗan majalisa yana alkawarin rijiyoyi. Ɗakin ya kwashe da dariya. Malam Siddiq ya tsaya yana kallon bakunansu a buɗe, ya jira suka gama, ya ce wayar ta yi tsawo ne, su rage ta.

Daga baya dai abu ya fito. Maƙalin katako ne irin na shanya, Lado ya huda shi, ya sa ɗan ƙwan fitila ja a leɓe ɗaya, idon da ke jin haske a ɗayan. Waya ta tafi cikin gwangwanin madara, inda suka cusa sauran kayan da batir da ƙararrawar wani agogon tebur. In an maƙala yatsa sai gwangwanin ya riƙa cewa ƙit, ƙit, ƙit. In an zare, ya ɗan jira, sannan ya tsala ihun da har 'yan ajin maƙwabta sai sun leƙo.

Maƙalin yana da sako-sako a lokacin, sai wani ya kama yatsan mutum ya daidaita shi ya riƙe kafin a karanta. Don haka Sagir ya riƙe na Lado, Lado ya riƙe na Sagir, Suwaiba tana can ɗaya gefen tebur tana kallon allurar mita tana faɗin abin da ta gani. Ba wanda ya tsara hakan, ba kuma wanda ya ga wani abu a ciki. Suka gwada masinja, suka gwada mai gadi, suka gwada mai rake na bakin ƙofa, shi da yatsunsa kamar itace. Duk namijin da tsautsayi ya biyo da shi ta barandar nan sai an kama masa yatsa. Ko da Lado ya ƙara wa maƙalin roba ya daina motsi, haka aka ci gaba da yi.

Malam Siddiq ma ya miƙa nasa. Gwangwanin ya kama ƙit, ƙit, a hankali, ba sauri ba tsalle.

"Kai, Malam," in ji Lado, "zuciyarka ko ba ta da gaggawa."

Malam Siddiq ya saurari ƙarar kamar ana buga ƙofar gidan wani. Ya zare yatsansa, ya ce aikin ya yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko yakan biya Ƙofar Sauri ya ga 'yar. Surukarsa, Inna Hajo, takan aiko da ita zaure an shafa mata hoda. Ya karɓa ya riƙe, yarinyar ta kama masa maɓallin riga tana gwaranci, shi kuma ya yi ta lissafin ko batir ɗaya zai kai na'urar wuni guda. Yana sane da cewa ya kamata ya ji wani abu. Yakan jira ko zai zo, in bai zo ba ya mayar da ita ya yi sallama.

Daga can wata Juma'ar ya wuce asibitin. Tun ranar da ya fito bayan gawa bai sake taka wurin ba, ya kuma zaci ƙafarsa za ta yi nauyi a bakin ƙofa, amma ta shiga kamar ta shiga kasuwa. Ya nemi Sista Zuwaira, shugabar ɗakin masu jego, wata doguwar mata mai furfura da ba ta iya ɓoye magana ba. Ta gane shi tun kafin ya faɗi sunansa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta sake yi masa ta'aziyya, ya amsa da abin da ake amsawa. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ta dube shi. "Gwangwanin madara, Malam?"

"Abin da ke ciki ne aikin, Sista."

"To. Ku zo da shi ran Talata da hantsi. In ya yi, ni da kaina zan riƙa maƙala ma duk wadda ta sauka. In bai yi ba, ka ɗauki abinka, kuma kada ka ce na yi maka rashin mutunci."

Wannan kaɗai yake so a duniya, ya ga gwangwanin nan a kan durowar gefen gado a ɗakin nan. Abin da zai biyo baya bai taɓa tunaninsa ba.

Ran Talata Sagir ya sha babbar riga kamar shi za a rantsar. Lado ya goge gwangwanin har yana ƙyalli. A bakin ɗakin Sista Zuwaira ta ɗaga musu hannu, ta ce maza nan za su tsaya. Malam kaɗai ta yarda ya shigo daga ciki kaɗan, ya tsaya wajen teburin nas, bayansa rabi ga gadaje. Suwaiba ta ɗauki na'urar ta bi ta.

Gadon farko wata yarinya ce mai suna Lami, ta sauka da safen nan, uwarta na zaune a ƙasa tana yi mata fifita. Sista ta yi musu bayani, Lami ta miƙo hannu tana 'yar dariya. Suwaiba ta maƙala, ta kunna. Malam Siddiq ya kasa kunne. Ba ƙit ko ɗaya. Gwangwanin ya yi ɗan jiran nan nasa, sannan ya tsala ihu.

Uwar ta yar da mafici ta miƙe tana salati. "Mi ya samu ɗiyata? Sista, mi ya same ta?"

"Ba abin da ya same ta, Inna, zauna." Sista Zuwaira ta kama wuyan hannun Lami ta danna. "Ga shi nan shina bugawa lahiya lau. Kashe abin nan, yarinya."

Suwaiba ta kashe, ta duba wayoyi, ta sake maƙalawa a wani yatsan. Ihu. Suka matsa gado na gaba, wata babbar mace da ta ce ita haihuwarta ta takwas ke nan ba abin da zai ba ta tsoro. Ihu. Jarirai suka farka suka kama nasu, ɗaki ya rikice, wata tsohuwa daga can ƙurya tana tambaya wa ya mutu.

"Batir ne!" Lado ya ƙwalo daga bakin ƙofa. "Wallahi batir ne, Sagir ya sawo na banza!"

Suwaiba ta kawo na'urar ƙofa. Sagir ya zuro yatsa, gwangwani ya ce ƙit, ƙit, da sauri don tsoro ya kama shi. Lado ya zuro nasa, ya amsa. Malam Siddiq ya sa nasa, ya amsa a hankali kamar kullum. Suwaiba ta tsaya da maƙalin a hannu tana dubansa, sai ta sa nata yatsan, karo na farko tun da aka fara aikin. Ya amsa. Ta dubi farin yatsanta, ta juya ta dubi gadon Lami, inda hannun yarinyar yake kwance a kan zane, yatsu baƙi ƙirin har gaɓa ta biyu. Ta dubi na gado na gaba, da na bayansa.

"Malam," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "lalle ne. Hasken ba ya ratsawa."

Sista Zuwaira ta kora su baranda, ta ja ƙofa. Ba ta yi faɗa ba, ta dai miƙa wa Malam Siddiq gwangwanin da hannu biyu.

"Ba ni iya aje wanga a ɗakina. Abin da ke kukan masu rai, kwana kaɗan za mu daina jin shi, ko wata ta cire mai batir ta huta. Ranar da zai yi na gaskiya ba mai juyowa."

"To a maƙala a ƙahwa mana," in ji Lado.

"Kai ɗan nan, gidanku ba mata? Wa ya taɓa ƙunsa hannu ya bar ƙahwa?"

Sagir ya gyara babbar riga. "Sista, in aka sanar da su tun wajen awo, a ce kada a yi ƙunshi in wata ya kama..."

"Kai za ka sanar. Ka bi gida-gida ka gaya ma tsohin garin nan ɗiyarsu ta yi bikin suna da hwarin hannu kamar mara gata, ka ga abin da za su yi maka da muciya. Tun ciki na wata tara ake ƙunsawa, a kwance a sake, har ya kama ya yi baƙi. In ka ga wadda ta zo ba lalle, naƙuda ce ta yi mata ba-zata." Ta juya kan Suwaiba. "Ke ma da kike mace, ba ki hwaɗa masu ba?"

Suwaiba ta sunkuyar da kai. "Ni allura nake kallo, Sista."

Ta ce haka, amma idonta na kan gwangwanin, kuma da ganin goshinta ka san ta koma lissafi. Can ta ce kunne fa, fatar kunne ba a yi mata lalle, kuma ta fi yatsa ma sirantaka. Lado ya ce 'yan kunne za su hana. Sagir ya ce a matsayinsa na shugaba ya amince da kunne. Lado ya ce shugabancin maguɗi ba ya amincewa da komai. Suka gangara matakala suna musu, sun ma manta a asibiti suke.

Malam Siddiq bai bi su ba. Yana tsaye da gwangwanin a hannu, yana jin musun nasu sama-sama. Ya san da wani malamin ne da ya ji daɗi, ga yara an kayar da su sun tashi da kansu. Shi wata tambaya ce ta tsaya masa a rai, ba ya son yin ta, ya kuma kasa tafiya.

"Sista. Kin ce duka suke zuwa da shi."

Ta gane inda ya dosa. Da alama ta auna ko ta yi masa ƙarya, amma ba halinta ba ne.

"Har ita, Malam."

"Ja ne, ko..."

"Baƙi ƙirin, har wuyan hannu. Ban taɓa ganin wanda ya kama kamar nata ba."

Ke nan da na'urar tana nan ranar, da tun maƙalawar farko za ta tsala ihu a kan Baraka tana raye tana dariya, a cire a ajiye gefe, ita kuma ta juya bango kamar yadda ta juya. Watannin nan duka abin da ya jingina da shi ke nan, cewa da akwai ɗan abin da ta tsira. Ya ji an zare masa shi, sai tsoro ya kama shi, tsoro sosai, don bai san me zai yi tunani a kai ba in ya koma gida. Ya yi ƙoƙarin ganin hannun nata da lallen, ya kasa. Kullum a cikin mayafi yake in ta fito zaure, ranar ƙarshe kuma mata ne suka yi mata wanka.

"Ban gani ba," ya ce.

"Na sani. Da ta sauka na kama hannun ina yabawa, na ce wagga amarya ce ko mai jego? Ta yi dariya, ta ce Malam bai ma gani ba tukuna. Ta ce in ka zo kada in hwaɗa maka, ita za ta nuna maka da kanta."

Akwai benci a gefensa, dogo, ba kowa a kai. Malam Siddiq ya sulale ya zauna a ƙasan simintin barandar.